Ranar da Na Hau Motar Tumatir

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Na manta shekarar da muka sauka unguwar Agege a Ikko, na manta fuskokin mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya da su. Amma ranar da na tattare zanina na hau motar tumatir a kasuwar Mile 12, ina tsohuwa, maza suna tsaye suna kallona, wannan ina jin da ita za a kai ni makwancina. Kuma abin da ya jawo duk wannan kalma ɗaya ce ta Turanci, wadda har yau harshena bai iya ɗaukarta daidai ba.

Ni ban yi boko ba. Aure ne ya kawo ni Ikko ina yarinya, na haihu a nan, na binne mijina a nan, na tsufa ina tuyar waina a ƙofar gida. Ɗana na fari yana sayar da tumatir da tattasai a Mile 12. Da yake ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ba na zama mu yi doguwar hira, ba na yi masa dariya a fuska. Haka na ga uwata ta yi da yayana, haka na yi. In ina da magana da shi, matarsa nake gaya wa, ita ta kai.

Duk dariyar da na hana uban, 'yarsa na ba. Tun da aka yaye ta a ɗakina take kwana. Ba ta ce mini Kaka, Tsohuwa take ce mini. Ta ɓoye mini carbi, ta cinye mini wainar farko, in na yi tari ta leƙo ta ce, "Tsohuwa, yaushe za mu sha gumba ne? Kin daɗe kina ja mana rai." Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in kaka ta rasu ana daka gumbar gero a yi sadaka, jikoki su ne da shanta. Saboda haka jika yakan tsokani kakarsa da maganar gumba tun tana da rai, ita kuma ta rama. Ni nakan ce mata, "Ni zan sha taki, mai kan ƙwarya." Mu yi dariya, a wuce wurin.

Ana nan, ana nan, tana da shekara tara, aka yi hutun makaranta. Ranar Alhamis ce. Ta kawo takardar sakamako, ta ba ubanta. Shi karatunsa bai yi nisa ba, kasuwa ta ɗauke shi tun yana ƙarami. Yarbanci a bakinsa kamar ruwa, amma Turancin takarda sai an taya shi. Lambobin dai ya gane, ta zo ta biyu. Ya ji daɗi, ya soke takardar a aljihu, washegari ya tafi da ita kasuwa don ya nuna wa abokansa.

A nan aka samu matsala. A ƙasan takardar shugabar makarantar ta yi rubutu da hannunta, abu biyu. Na farko, yarinya tana da ƙwaƙwalwa. Na biyun kuwa wannan kalma ce, cheeky. Wani abokin cinikinsa da ya yi sakandare ya karɓa yana karanta wa jama'a da ƙarfi. Da ya zo kan kalmar ya tsaya, ya duba a wayarsa, ya ɗago ya ce, "Wai 'yarka ba ta da kunya. Fitsararriya ce, tana raina manya." A gaban mutane fiye da goma. Wani ya ce haka 'ya'yan Ikko suke, wani ya ce laifin boko ne.

Ya dawo gida kafin la'asar, abin da ba ya yi. Bai daki yarinyar ba, bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin ƙofata ya durƙusa, yana kallon ƙasa, ya ce, "Inna, na yanke shawara. Ranar Litinin motar ɗan'uwanmu za ta koma gida da kwanduna. Zan sa ta a ciki, a kai ta wajen Gwaggo a ƙauye ta koyi tarbiyya. Makarantar nan ta ishe ta haka."

Na ce, "To." Abin da bakina ya iya ke nan. Ya tashi ya tafi.

Na san ƙauyen da ake magana. Makarantar da ke can rufinta ya yaye tun da daɗewa. In ta tafi, karatu ya ƙare, ɗakina kuma ya mutu. Na jawo yarinyar na ce, "Gaya mini gaskiya, me kika yi wa matar nan?"

Idonta ya cika da hawaye. Ta ce, "Wallahi ban zage ta ba, Tsohuwa. Ni sonta ma nake yi."

Na aika uwarta ta roƙe shi. Ta dawo ta ce ya ce an riga an karanta masa a gaban mutane, ba abin da ya rage. Sai na ce ta ɗauko mini takardar daga aljihun rigarsa. Na ninke ta, na ɗaure a bakin zani. Na ce wa kaina, ban san wannan kalma ba, ba ta san ni ba, amma ba za ta fitar mini da jika daga gida ba sai na ga fuskarta.

A bakin layinmu akwai mai kemis, mutumin Jos, Kirista ne, yana jin Hausa. Shi yake auna mini hawan jini. Na kwance takardar na nuna masa da yatsa inda aka ce mini. Ya karanta, sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

Na ce, "Ɗana, ba abin dariya ya kawo ni ba."

Ya ce, "Yi haƙuri, Mama. Wanda ya fassara bai yi ƙarya duka ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Kin ga yaron da zai sa hannu a kwanonki ya ɗauki tsokar nama, yana kallon idonki yana murmushi? Kina so ki yi faɗa, dariya ta riga ki. To shi ake ce wa haka. Amma kuma malami zai iya ɗaure fuska ya ce wa yaro kada ya yi masa haka, a nan gargaɗi ne, ma'ana ka fara wuce iyaka."

Na ce, "To wannan wanne ne a ciki?"

Ya juya takardar gaba da baya. Ya ce, "Takarda ba ta nuna fuska, Mama. Sai wadda ta rubuta."

Na ce, "Ina gidanta?"

Ya san ta, a wajensa take sayen maganin tari. Ya kwatanta mini, can bayan Oshodi, gida mai koren ƙyaure kusa da wani masallaci. Ya ce in bari a koma makaranta. Na ce Litinin ba za ta jira a koma makaranta ba.

Ranar Asabar ban kunna wutar waina ba. Na karɓi wayar surukata, na sa mayafi, na shiga danfo, motar hayar Ikko. Rabona da Oshodi tun mijina yana da rai, wurin duk ya canza, gadoji a sama, gadoji a ƙasa. Kwandasta ya sauke ni inda ba nan ba ne. Na tambayi mai lemo, ta nuna gabas. Na tambayi mai gyaran takalmi, ya nuna yamma. 'Yan acaɓa suna ta kirana, ni kuwa ban taɓa hawa ba kuma ban yi niyyar farawa a ranar ba. Gwiwoyina suna ciwo, na zauna a kan dakalin wani shago na huta, na tashi na ci gaba. Sai bayan azahar na ga koren ƙyaure.

Ita ta buɗe da kanta. Alhaja ce, Bayarbiya, tsohuwa kamata, gashinta fari fat, da tabarau a rataye a wuya. Na gaishe ta da Yarbancina na kasuwa. Ta shigar da ni, ta ba ni ruwa, ta shimfiɗa mini darduma na yi salla. Gidan shiru, ba motsin kowa, sai hotunan yara a jikin bango. Da na idar na kwance takardar na ajiye a gabanta. Na ce, "Ni ce kakar wannan yarinya. Jibi za a cire ta daga makaranta a kai ta ƙauye saboda abin da kika rubuta. Ban zo faɗa ba. Na zo ki gaya mini da wace fuska kika rubuta shi."

Ta sa tabarau ta duba. Ta dafe ƙirji. Sannan ta ba ni labari.

Wai wata rana tana zagaya azuzuwa, tari ya sarƙe ta a ajinsu, ta dafa tebur tana ta yi. Yara duk suka yi tsit. Sai jikata ta tashi ta kawo mata ruwa a gorarta, ta tsaya har ta sha, sannan ta ce mata da Yarbanci, a gaban kowa, "Mama, in za ki mutu ki bari sai an gama jarrabawa. Kuma ki ce a dafa shinkafa da yawa, da nama, don ni zan fi kowa ci."

Na gane maganar. Tawa ce. Gumbata ce yarinyar ta ɗauka ta mayar shinkafa, don ta ga abin da Yarbawa suke dafawa ke nan in tsoho ya rasu. Ta ga farin gashi, ta ga tari irin nawa, ta ba matar abin da take ba ni.

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaja, laifina ne. Ni na koya mata." Na bayyana mata wasan jika da kaka, da gumba, da yadda a wajenmu yaro ba ya yi wa tsohuwa wannan magana sai wadda ya ɗauka tasa ce.

Ta cire tabarau ta goge ido da bakin ɗankwali. Ta nuna hotunan bango ta ce, "Jikokina ke nan. Duk suna ƙasar waje. A waya suke gaishe ni, da ladabi, kamar ma'aikatan banki. Shekara nawa ba wanda ya tsokane ni. Ranar nan na kira ta ofis na sa ta durƙusa, na ce ba a yi wa babba irin wannan magana a gaban aji. Ta ba ni haƙuri. Tana fita na rufe ƙofa na yi dariya har tarin ya dawo. Da zan rubuta marar tarbiyya, akwai kalmarsa daban, kuma da ba a takarda zan tsaya ba, da na kira ubanta. Wannan da murmushi na rubuta. Da ɗan jan kunne a ciki, amma da murmushi."

Na miƙa mata wayar. Na ce, "Ɗana ba zai ga murmushin ba. Faɗa a nan, yadda kika faɗa mini." Ta danna wurin ɗaukar murya da kanta, ta yi magana mai tsawo. Da zan tafi ta raka ni har bakin titi, ta tsayar mini da danfo, ta ce, "Ki gaya mata na ji. Za a dafa da yawa."

A hanya ina ta juya abin a raina. Tsiwa ce? Tsiwa ta fi wannan zafi. Ƙiriniya ta hannu ce, wannan ta baki ce. Shaƙiyanci ya yi kusa, tsokana ta fi kusa. Na ga dai abin muna da shi tun kakanni, sunansa ne kawai Bature ya tara a wuri ɗaya.

Ranar Lahadi surukata ta kai masa wayar. Ya ƙi saurara. Ya ce ko me matar ta ce yanzu, kara ce take yi wa tsohuwa. A nan na gane abin da ke cinsa. Ba kalmar ba ce. A gaban mutane aka kunyata shi, kuma duk abin da za a faɗa a cikin ɗaki ba zai wanke wannan ba.

Litinin da sassafe ɗana ya ɗauki jakar yarinyar, ta bi shi tana waiwaye. Suna fita na ɗaure tufafina kala uku a ɗankwali, na ɗauki carbina da wayar, na bi bayansu.

Mile 12 da safe ba wurin tsohuwa ba ne. Ƙasa duk ruɓaɓɓen tumatir, 'yan dako suna gudu da kwanduna a ka suna neman hanya. Na tambayi inda motocin gida suke lodi, aka nuna mini. Na hango motar, an cika bayanta da kwanduna, direban yana duba taya. Ɗana yana gefe da abokansa, yarinyar tana zaune a kan jakarta. Ban gaishe da kowa ba. Na wuce kai tsaye, na jefa ƙullina a gaban motar, na kama ƙarfen ƙofa. Matakin yana da tsawo. Na ce bismillahi, na tattare zani, na ɗaga ƙafa. Sau biyu ina zamewa. A na uku na hau, na zauna, na gyara mayafina.

Direban ya zagayo ya ce, "Inna, lafiya? Ina zuwa?"

Na ce, "Ƙauye. An ce za a kai marar tarbiyya a gyara ta. To ga wadda ta koya mata. Da ni za a fara."

Mutane suka fara taruwa. Ɗana ya zo jikin ƙofar, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Inna, don Allah ki sauko. Mutane suna kallo."

Shekara arba'in da wani abu ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. Ranar na duba. Na ce, "Su nake so su kalla. A gabansu aka karanta, a gabansu za a ƙarasa. Ina mai karatun?"

Ya matso, yana sosa ƙeya. Na miƙa masa wayar na ce ya kunna, ya ƙara murya. Muryar Alhaja ta fito, da Yarbanci, yawancinsu kuwa suna ji. Ta ba da labarin tarin, da gorar ruwa, da shinkafar. Da ta zo kan "ni zan fi kowa ci," wani dattijo mai albasa ya fashe da dariya har ya dafa mota. Ta ƙare da cewa in aka cire yarinyar nan daga makaranta saboda rubutunta, ba za ta yafe wa hannunta ba.

Mai karatun ya ce, "Ni dai abin da waya ta nuna na faɗa, Inna."

Na ce, "Wayar tana da kaka?"

Aka sake yin dariya. Ɗana bai yi ba. Ya ce, "Duk da haka, Inna, malamarta ce. Ba kakarta ba ce."

Na ce, "Gaskiya ne, kuma an sa ta durƙusa a kai, ni ma zan ƙara mata. Amma tun da abin ya zo nan, bari in tambaye ka. Wane ne ya ɓoye magogin goron kakarsa a cikin tukunyar ruwa kwana uku? Wane ne yake zuwa ƙofarta da ludayi kowace safiya, ya ce ya zo duba ko gumba ta samu? Ta kore ka ƙauye? Ranar da ta rasu, wa aka ɓamɓare daga jikin makara?"

Ban taɓa gaya masa na san waɗannan ba. Ina ɗaki ina jinsu a lokacin, ina toshe baki da zani don kada ya ji dariyata. Ya tsaya kamar an dasa shi. Dattijon mai albasa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe gado ne, Alhaji. Sauke jakar yarinya."

Ɗana ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Inna, sauko."

Na ce, "Jakar tukuna."

Ya ɗauki jakar ya rataya a kafaɗarsa. Hawa ya fi sauka sauƙi, sai da mutum biyu suka riƙe ni. Ƙafata tana taɓa ƙasa yarinyar ta zo ta kama hannuna, hawaye bai bushe a fuskarta ba, ta ce, "Tsohuwa, yadda kika haye motar nan, gumbarmu ta yi nisa."

Uban ya buɗe baki zai tsawata. Sai ya juya mana baya, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Da muka koma gida na zaunar da ita. Na ce wasan nan yana da ƙofa, ba kowane farin gashi ake shiga da shi ba, kuma ko wadda ta yarda, ba a gaban aji ba. Ta ji. Ta gama makarantar, ta wuce gaba, yanzu ita take karanta wa ubanta duk takardar da ta zo.

Bayan wasu shekaru aka aiko mana Alhaja ta rasu. Ta bar wasiyya a gaya wa yarinyar Agege ranar addu'ar kwana takwas. Ban roƙi ɗana komai ba. Da safe sai ga shi da kwandon tumatir da buhun tattasai, ya ce a kai gidan rasuwa, kada shinkafar ta yi kaɗan. Ni kuma na jiƙa gero na daka gumba da hannuna, na ƙulla a leda. Aka zuba wa jikata shinkafa a faranti, da nama biyu. Ta zauna a ƙarƙashin hotunan nan tana ci tana kuka, ta cinye tas, ta miƙa farantin aka ƙara mata.

Abin da na koya ke nan, ni da ban san baƙi ko ɗaya ba. Magana in ta hau takarda takan bar fuskar mai ita a gida. Kafin ka yanke wa yaro hukunci a kan kalma, tashi ka je ka ga fuskar, ko da bayan Oshodi take, ko da gwiwarka tana ciwo. Kuma yaron da ya tsokane ka yana murmushi bai raina ka ba, ya sa ka cikin nasa ne. Geron gumbata yana nan a ajiye cikin tulu a bayan ƙofa. Kullum jikata ta zo hutu sai ta buɗe ta duba, ta ce ya yi kaɗan.